Ƙofar da Kwamanda Trevaskis Ya Sa Aka Rufe

Ambrose Trevaskis ba ɗan manya ba ne. Mahaifinsa ɗan jagora ne a tashar jiragen ruwa ta Devonport, a ƙasar Ingila, irin mutanen da ke fita da ƙaramin kwalekwale su taryi manyan jirage su shigo da su ta tsakanin duwatsu. Wata shekara tsohon ya shigo da wani jirgin yaƙi lafiya cikin guguwar da kowa ya fid da rai, sai kyaftin ɗin jirgin ya tambaye shi abin da yake so. Tsohon ya ce shi ba ya son komai, amma yana da yaro. Ta haka Ambrose ya shiga sojan ruwa a layin hafsoshi, tun bai fara gemu ba, cikin 'ya'yan masu gidaje da gonaki waɗanda ke yi masa dariyar yadda yake furta magana.

A lokacin iska ce ke tura jirage. Ambrose ya koyi hawa dogayen sandunan jirgi ba takalmi, ya koyi sanin abin da sama za ta yi tun kafin ta yi, ya kuma ƙaunaci wannan aiki kamar ransa. Yana cikin ƙuruciyarsa aka fara cusa wa jiragen yaƙi tukwanen tururi da injuna. Bai taɓa yafe wa kwal ba. Yakan ce jirgi ya tashi daga doki ya koma murhu. A wurinsa, da ma sauran hafsoshin saman jirgi irinsa, injiniyoyin da ke can ƙasa cikin maiƙo da toka ba hafsoshi ba ne na sosai, maƙera ne aka ɗinka wa kaki.

Yana laftanan ya ga Loveday Rosewarne, 'yar mai gidan burodin da ke gangaren coci. Gajera ce, mai dariya, mai bakin da ba ya hutawa, ita ce kuma ke ja wa mata waƙa ranar Lahadi. Ambrose ya yi ta sintiri gidan burodin nan yana sayen abin da ba zai iya cinyewa ba, har ranar da ta ɗora hannu a ƙugu ta dube shi.

"Laftanan, kai da kake daka wa ƙarti tsawa su hau sama cikin hadari, ka kasa yi wa mace ɗaya tambaya ɗaya? Burodin Baba ya kusa ƙarewa saboda kai, maƙwabta sun fara ƙorafi."

Ya yi tambayar a tsaye a wurin, hularsa a hannu, kunnuwansa sun yi ja. Aka ɗaura aure kafin sanyi ya shigo.

Tana da ciki aka tura jirginsa gaɓar ƙasar Sin. Da ya dawo, yaron har yana gudu yana surutu. Sunansa Denzil. Ambrose ya durƙusa a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, yaron ya ruga ya ɓuya a bayan siket ɗin uwarsa.

"Mama, wane ne wannan mutumin?"

"Babanka ne, sarkin yawo. Je ka gaishe shi kafin ya sake ɓacewa."

Ta faɗa da dariya, shi ma ya yi dariya, amma abin ya zauna masa a ƙirji. Kuma gaskiyarta, bai daɗe ba ya sake ɓacewa. Haka rayuwar ta tafi: shekaru a teku, 'yan watanni a gida. Ya yi gaɓar gabashin Afirka yana farautar jiragen masu fataucin bayi, zazzaɓi ya kusa kashe shi a can. Ya yi tekun Indiya. Waɗanda suka shiga aiki a bayansa, masu kawunai a manyan ofisoshi, suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa kai kuka wurin kowa ba. An san shi da abu biyu: ba ya ƙarya ko da wasa, kuma ba ya sa mutum aikin da shi ba zai iya yi ba. Sai da furfura ta fara fito masa sannan aka ba shi muƙamin kwamanda.

Allah bai ba su wani ɗa ba bayan Denzil. Yaron ya tashi da ƙarar guduma ta ma'aikatar jirage a kunnensa. Ya kwance agogon bangon gidan ya mayar, ya kwance keken ɗinkin uwarsa ya mayar, wannan karon har ya fi da gudu. Ambrose kuwa tuni ya gama shirya masa hanya: zai shiga layin hafsoshin saman jirgi, ya kai inda ubansa bai kai ba. Wata rana suna cin abincin rana, Loveday ta gasa musu burodin nan da ake cusa wa nama da dankali, sai Denzil ya ajiye cokali ya ce shi makarantar injiniyoyi yake so.

Ambrose ya ɗago kai a hankali. "Ɗana? A gindin jirgi, cikin toka, yana goge maiƙo da tsumma?"

"Baba, jirgin da kake taƙama da shi, in ba mu ba ko motsi ba zai yi ba."

"Mu! Loveday, kin ji shi? Har ya zama mu."

"Na ji ku duka biyun," in ji ta. "Ku ci abinci kafin ya huce. Kai kuma Ambrose, yaron nan da ka gani sau nawa ka gan shi da za ka san abin da hannunsa ya iya?"

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya tashi ya bar abincin. Denzil ya shiga makarantar injiniyoyi da goyon bayan uwarsa, Ambrose ya koma teku bai yi masa sallama ba. Shekaru suka shuɗe, uba da ɗa suna gaisawa kamar mutanen da suka haɗu a jirgin ƙasa.

Aikinsa ya kusa ƙarewa aka ba Ambrose jirgi nasa na kansa, Merrivale, matsakaicin jirgin yaƙi na ƙarfe mai bututun hayaƙi biyu, wanda zai riƙa sintiri a ruwan gida. Lokacin Denzil ya gama makaranta, ya zama ƙaramin hafsan injiniya. Loveday ce ta kawo shawarar, suna zaune a bakin murhu da yamma.

"Ka roƙa a sa shi a jirginka."

"Ban taɓa roƙon kowa komai ba."

"To ka fara yau. Na gaji da zama tsakanin gumaka biyu. Ku zauna a kwano ɗaya na ƙarfe, ko kun ƙi ko kun so sai kun san juna. Kuma in kana wurin, hankalina zai kwanta."

Ya roƙa, aka ba shi.

A jirgi Denzil ba ya ce masa Baba. Yallaɓai yake cewa, ya ƙame ya sara masa kamar kowa. Watannin farko iyakarsu ke nan. Sai wata rana Ambrose ya sauka ɗakin injin da kansa, abin da bai saba yi ba. Zafi ya mare shi tun daga matakala. Ya ga 'yan wuta tsirara zuwa ƙugu suna watsa kwal cikin bakin tukwane, ya ga manyan sandunan ƙarfe suna hawa suna sauka, ya kuma ga ɗansa a tsakiyarsu, ya ɗora tafin hannu a jikin injin yana sauraro, yana magana da mutanensa da ido kawai, su kuma suna bi. Ambrose ya san wannan tsayuwar. Haka shi ma yake tsayawa a sama yana sauraron iska. Garin kallo ya dafa wani bututu mai zafi, ya janye hannu ba shiri, hularsa ta faɗa cikin maiƙo. 'Yan wuta suka juya baya suna danne dariya. Denzil ya ɗauko hular ya miƙa masa, fuskarsa a ɗaure, idanunsa na rawa.

"Yallaɓai, wannan hular ta zama tamu. Ba za ta ƙara fari ba."

"Mayar da hankalinka kan aikinka, injiniya," in ji Ambrose. Amma da ya hau sama an ga yana murmushi shi kaɗai.

Daga nan ya fara kiransa shan shayi a ɗakinsa ranar Lahadi bayan addu'a. Su yi gardamar iska da tururi, kowa ya kafe a kan nasa, shayi ya huce. Ambrose ya sha niyyar gaya masa cewa ya yi kuskure a kansa, cewa yana alfahari da shi. Kullum maganar takan zo masa har leɓe, sai ya ce a ransa bari sai sun koma gida, a gaban uwarsa, don ita ma ta ji.

Suna kan hanyar komawa gidan ne abin ya faru, da safe, bayan an karya kumallo. Hazon teku ya sauko ya rufe ko'ina, har wanda ke tsakiyar jirgi ba ya ganin goshinsa. Ambrose ya sa an rage gudu, ana ta busa ƙaho. Sai ga wani jirgin dakon kwal ya fito daga cikin hazon kamar bango, ya soki Merrivale a haƙarƙari, daidai ɗakin wuta na gaba. Jirgin ya karkata, mutane suka zube. Kafin a tashi tsaye ruwa ya fara kwarara ciki.

Tsakanin ɗakin wuta na gaba da sauran cikin jirgin akwai wata ƙofar ƙarfe mai nauyi wadda ake saukewa daga sama da juya wani gargare. Don irin wannan rana aka yi ta. Mataimakin Ambrose, Laftanan Hockaday, ya hau rumfar kyaftin da gudu, jini na zuba a goshinsa.

"Yallaɓai, ruwa ya fara tsallaka ƙofar. In ya kai tukwanen baya, jirgin ya tafi da mu duka. A wannan hazon ba wanda zai tsince mu."

"Mutanen ɗakin gaba sun fito?"

"Yawancinsu. Kwal ya zubo ya danne wasu." Hockaday ya ƙara da cewa, "Injiniya Trevaskis ya koma ciki ya ciro su."

A gefen rumfar akwai bututun magana da ke sauka har ɗakin wuta. Ambrose ya cire murfinsa ya kira. Da farko ba ya jin komai sai rurin ruwa da ihun tururi. Sannan muryar Denzil ta zo, yana haki.

"Yallaɓai!"

"Ku fito yanzu. Zan rufe ƙofa."

"Akwai mutum biyar a bayan kwal, muna jin su. Mun kusa kai musu."

"Na ce ku fito. Umarni ne."

"Baba, ka ba mu lokaci kaɗan. Kaɗan kawai, Baba."

Ambrose ya dubi goshin jirgin, ya ga ruwa ya fara lasar inda bai taɓa kaiwa ba. Ya ji yadda katakon ƙarƙashin ƙafarsa ke ƙara karkata. Ya yi shekara arba'in a teku, ya san abin da jirgi ke faɗa in ya fara irin wannan nishi. Ya dubi ƙasa, ya ga mutanensa sun taru a saman jirgi, fuskoki fiye da ɗari biyu, duk sun ɗago suna kallonsa.

Hockaday ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, bari ni in ba da umarnin."

"Jirgina ne," in ji Ambrose. Ya juya ga mutanen da ke riƙe da gargaren. "Ku rufe."

Suka rufe. Ya mayar da kunnensa kan bututun, bai ɗaga ba. Wani ya miƙo hannu zai mayar da murfin don ya raba shi da abin da yake ji, ya ture hannun. Yana nan a sunkuye har sautin da ke fitowa ya zama na ruwa kaɗai. Sannan ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya shiga ba da umarnin yadda za a kai jirgin gida. Waɗanda suke wurin sun ce muryarsa ko rawa ba ta yi ba, kuma sun ce da ma ta yi, da ya fi musu sauƙin ji.

Merrivale ya shigo tasha da la'asar, a karkace, ana jansa. Labari ya riga shi isowa. Da aka zuƙe ruwan aka buɗe ƙofar, an sami Denzil tare da 'yan wuta biyar ɗin, shebur na hannunsa.

Ambrose bai bari wani ya kai wa Loveday bayani ba. Ya same ta a kicin a tsaye, maƙwabta mata sun kewaye ta. Da suka gan shi suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kamar tana neman wani abu a fuskarsa.

"Ka san yana ciki?"

"Na sani."

"Ya yi magana?"

Da wani ne, da ya ce a'a, ko ya ce yaron da kansa ya ce a rufe. Duk garin ba wanda zai ƙaryata shi. Amma Ambrose bai iya ba.

"Ya ce in ba su lokaci kaɗan."

"Ka ba su?"

"Babu shi, Loveday. Da akwai, da na ba shi har da raina."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta juya ta ɗauki butar shayi ta ɗora a wuta, ta tsaya tana kallonta har ruwan ya ƙone.

Kotun soja ta zauna kamar yadda aka saba in jirgi ya yi hatsari. Aka karɓi takobinsa aka ajiye a kan tebur, aka saurari shaidu. Da aka kira shi jin hukunci ya tarar an juyo masa da mariƙin takobin, alamar an wanke shi. Shugaban kotun ya ce abin da ya yi shi ne daidai, ya ceci jirgi da mutanensa, kuma rundunar na alfahari da shi. A titi matan waɗanda suka tsira sukan tare shi su kama hannunsa suna kuka suna sa masa albarka. Matan 'yan wutan nan biyar kuwa sukan tsallaka ɗaya gefen in sun hango shi. Ɗaya ce kawai ta taɓa tsayawa, da jariri a kafaɗa, ta ce masa, "Na so in tsine maka, Kwamanda. Amma ka sa naka a ciki." Ta wuce. Aka yi masa tayin muƙamin kyaftin, abin da ya yi rayuwarsa duka yana jira. Ya ce a ba shi izinin ajiye aiki.

Sai ga shi a gida kullum, karo na farko tun aurensu, a gidan da ba kowa sai su biyu. Loveday ba ta taɓa yi masa gori ba. Tana dafa masa abinci, tana goge masa riguna, tana haɗa masa shayi yadda yake so. Amma ta daina waƙa a coci, ta daina tsokanarsa, ta kuma daina kiran sunansa. Kwamanda take ce masa, kamar sauran mutanen gari. Wata Lahadi suna dawowa daga maƙabarta ya ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana cewa ita ta roƙa, ita ta haɗa su. Ya tsaya a hanya.

"Ba laifinki ba ne."

"Na sani. Ba naka ba ne kuma, kotu ta faɗa. Mai jirgin kwal ma an ce hazo ne." Ta ɗago ta dube shi, idanunta a bushe. "To na wane ne, Kwamanda? Gaya mini wanda zan tsana, in huta."

Suka ƙarasa gida kowa da gefensa na hanya.

Sun yi shekaru a haka, har tsufa ya kama su. Sai Loveday ta fara mantuwa. Da farko gishiri ne a shayi, ko ta fita ta rasa hanyar gida. Daga baya shekarun suka fara zube mata, na kusa suka riga tafiya. Wata safiya Ambrose na zaune yana ƙoƙarin ɗaure takalmi, sai ya ji hannu a kan sumarsa.

"Ambrose, dubi yadda ka yi furfura! Wa ya ba ka izini?"

Ya ɗago. Tana dariya, irin dariyar gidan burodi. Ya kama hannun ya riƙe.

"Jirgin Denzil ya shigo?" ta tambaya.

A nan ya gane abin da ya dawo masa da ita. Ya daɗe yana kallonta. Mutumin da bai yi mata ƙarya ba ranar da ƙarya za ta cece shi, ya buɗe baki ya ce, "Bai shigo ba tukuna."

"To, in ya shigo ka ce ya wanke hannun nan nasa kafin ya taɓa mini labule."

Kullum sai ta tambaya, wani lokaci sau da yawa a yini, kullum kuma amsar ɗaya ce. Ta koma yin waƙa tana shara. Takan zauna kusa da shi ta jingina kai a kafaɗarsa, ta yi ta ba shi labarin ƙiriniyar yaron, tana cewa ya kamata ya rage masa tsanani, don yaron na sonsa, kunya ce kawai irin ta gidansu. Ambrose ya ce zai rage. Shi ya koma dafa abinci, shi ke taje mata kai, shi ke bin ta in ta fita bakin tasha duban jirage. Maƙwabta suna cewa Allah ya ji tausayin matar. Ba wanda ya san abin da zai ce game da mijin.

Ta rasu da rana tsaka a farkon bazara, taga a buɗe. Kafin ta cika ta sa shi ya yi alkawarin zai sayo nama mai kyau, don tana jin yau yaron zai iso, kuma ba ta so su yi gardama a kan tebur. Ya yi mata alkawari.

Ambrose ya ƙara shekara biyu a bayanta. Ya sayar da gidan ya koma wani ɗan ƙauye can cikin tudu, wurin wata 'yar ƙanwarsa, inda ba a ganin teku ko an hau dutse. Mutanen ƙauyen sun san shi a matsayin tsoho mai shiru da ke taimaka musu gyaran shinge, ba su ma san ya taɓa riƙe jirgi ba sai ranar jana'izarsa, da suka ga wasu dattawa baƙi sun sauko daga keken doki, sun jeru a bakin kabarin sun cire huluna. Tsofaffin mutanen Merrivale ne, wasu da 'ya'yansu, wasu har da jikoki.